Yadda Ake Ɗaura Eriyar Rediyon CB a Mota da Haɗa Ta da Bodi

Duk direban da ke ɗauko siminti daga Ashaka, ko mai lodin hatsi daga Tudun Hatsi a Gombe ya bi ta Dukku zuwa Darazo, ya san wuraren da sabis ɗin waya ke ɗaukewa ɗif. A irin waɗannan wurare ne oba-oba ta mota, wato rediyon CB, take nuna amfaninta: ba kati, ba dogaro da turken kamfanin waya, motar gaba tana magana da ta baya kai tsaye. Sai dai da yawa sun saya sun ɗaura, magana ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu ba, suka ce rediyon ce jabu. A mafi yawan lokuta rediyon lafiyarta ƙalau. Laifin yana wajen eriya da yadda aka haɗa ta da ƙarfen mota.

Kafin ka ɗauki sifana, ka san cewa rediyo mai aika magana ba ɗaya take da ta jin labarai ba. A Najeriya zangon rediyo yana hannun gwamnatin tarayya, kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da ma'aikatar sadarwa su ke kula da shi. Ka nemi izinin da ya dace, ka ajiye takarda da rasit a cikin mota. Doguwar eriya tana jawo tambaya a shingen jami'an tsaro, musamman a hanyar Biu da ta Potiskum.

Eriyar da ka saya rabi ce

Wanda ya fahimci wannan, sauran aikin zai zo masa da sauƙi. CB tana aiki a kan megahaz 27. Tsarin da aka fi sani, wanda ya samo asali daga Amurka, yana da tashoshi 40, daga 26.965 a tasha ta 1 zuwa 27.405 a tasha ta 40, ƙarfin fitarwa kuma wat 4 ne kacal. Tsawon zango ɗaya, wato tsawon igiyar sigina guda, a kan wannan megahaz ya kai kusan mita 11. Sandar da ake ɗaurawa a mota rubu'in wannan tsawo take wakilta, wato kamar mita 2.7, kuma ita kaɗai ba ta cika eriya ba. Ɗaya rabin shi ne bodin motar kansa: rufi, bonet, ƙofofi, but da shasi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wayar da ke haɗa rediyo da eriya, wadda ake kira kowaks, tana da waya a tsakiya da saƙar ƙarfe da ta kewaye ta. Sigina yana hawa sandar ta wayar tsakiya, shimfiɗar ƙarfen da ke ƙarƙashinta kuma ita ce abokiyar aikinta ta hanyar saƙar wajen wayar.

Shi ya sa abin da masu wayarin mota ke kira at, wato haɗi da ƙarfen bodi, ya kasu biyu a wannan aiki. Akwai at na wuta, wanda ke mayar da lantarki zuwa batir. Ko siririyar waya ta ishe shi. Akwai kuma at na sigina, wanda ke son haɗi gajere, mai faɗi, da ƙarfe mai yalwa daf da gindin eriya. Mai wayarin da ya ƙware a fitila da sitata zai iya ba ka na farko cikin minti biyar, ya gwada da kwan gwaji ya kama, amma na biyun bai samu ba.

Zaɓen eriya da wurin zama

Doguwar bulalar ƙarfe mai inci 102, idan aka ƙara mata sifirin mai inci 6 a gindi, ta cika inci 108, wato cikakken rubu'in zango. Babu wadda ta fi ta kai magana nesa. Matsalarta tsawo. A cikin unguwannin Gombe irin su Jekadafari ko Bolari ko Herwagana, inda wayoyin wuta ke rataye ƙasa-ƙasa, rassan dogon yaro kuma suka rufe layi, ba za ka ji daɗinta ba. Saboda haka ake gajarta eriya da koyil, wato naɗin waya da ke cike gurbin tsawon da aka rage. Akwai mai koyil a gindi, wadda ta dace da tsakiyar rufi. Akwai mai koyil a tsakiya, irin ta manyan motoci da ake ɗaurawa a hannun madubi. Akwai kuma ta faiba mai ƙafa 3 ko 4 ko 5, wadda naɗinta ya taru a sama. A ra'ayinmu duk abin da ya gaza ƙafa 3 ɓarnar kuɗi ne ga mai tafiya doguwar hanya. Ƙafa 4 ita ce madaidaiciya ga Hilux da ire-irenta.

Wurin da ya fi ko'ina shi ne tsakiyar rufin ƙarfe, domin ƙarfe ya kewaye eriyar ta kowace fuska, sigina sai ya bazu daidai. Da zarar ka kai ta gefe, sigina zai fi ƙarfi ta ɓangaren da ƙarfen mota ya fi yawa. Wadda aka ɗaura a kusurwar baya ta hagu za ta fi kai magana gaba ta dama. Wanda ke bi wa rufi a kyau shi ne gefen bonet, sai ƙarfen bayan kai a motar a-kori-kura. Bamba ita ce mafi muni: eriyar tana ƙasa, jikin mota ya tare ta, yawancin bambar motocin yanzu kuma roba ce.

Ko'ina ka zaɓa, kashi biyu cikin uku na tsawon eriya ya wuce saman rufi, koyil ɗin kuma lallai ya kasance a sarari, ba a jingine da bangon ƙarfe ba. Idan za ta zauna a gefe, zaɓi ɓangaren direba. Muna tuƙi ta hannun dama, rassan bishiya da allunan bakin titi duk ta dama suke dukan mota. A motar lodi ka tuna da kaya: buhunan masara ko gawayi da aka tula suka wuce kai za su tare eriyar da ke bayan kai, awon saita eriya da ka yi mota ba kaya kuma zai canja.

Eriya mai gindin maganaɗisu ba ta buƙatar huji. Tana samun haɗinta da rufi ta cikin fenti, ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba, kuma tana aiki sosai muddin rufin ƙarfe ne mai faɗi. Ba ta kama alminiyom ko faiba. Inda babu ƙarfe sam, kamar rufin faiba, akwai eriya ta musamman da aka ƙera don haka. Ita wayarta ce ɗaya rabin, don haka ba a yanke ta ko da taƙi ɗaya.

Kayan aiki

Mariƙi, wato abin da ke riƙe eriya a jikin mota, na ƙarfe mai kauri, aƙalla milimita 3, ƙarfe marar tsatsa in da hali. Ƙusar gindin eriya mai zare 3/8-24 da washarta ta roba. Wayar kowaks mai om 50, RG-58 ko RG-8X, wadda aka saba sayarwa ƙafa 18, kusan mita 5.5, da kawuna PL-259. Saƙaƙƙiyar wayar jan ƙarfe mai faɗin milimita 12 zuwa 25. Washa mai haƙora guda shida ko takwas, samfefa, giris, salatif, injin huji, sifana, maltimita, da na'urar awon SWR, wadda ake saita tsawon eriya da ita, da gajeriyar wayarta.

A kan waya muna da magana. Wayar dish da ta talabijin da ke cike kasuwa om 75 ce, saƙarta kuma galibi alminiyom ce da ba ta kama dalma. Kamarsu ɗaya a ido, aikinsu daban. Ko RG-58 ɗin ma ka fere bakinta ka duba kafin ka biya: idan saƙar ta yi sako-sako har kana hango farar robar ciki ta ko'ina, ajiye ta. Araha ba ta ado. Saƙaƙƙiyar waya kuwa, wajen masu sayar da kayan mota na hannu za ka samu wadda ke haɗa inji da bodi, kuma ta yi daidai da wannan aiki.

Ɗaura mariƙi

Fara da cire kan batir na nagetif. Ɗora mariƙin a inda kake so, ka buɗe bonet da ƙofa ka rufe, ka tabbata babu abin da ke gogar sa, sannan ka yi alama. Leƙa bayan wurin kafin ka huda, kada ka faɗa kan wayoyi, tiyon mai ko jakar iska. A shasin babbar mota kada ka huda sabon rami kuma kada ka yi walda. Nemi ramin da kamfani ya bari.

Yanzu sai kankare fenti, matakin da mutane ke tsallakewa don tausayin mota. Kewaye da kowane ramin ƙusa, goge da samfefa har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli, faɗin kwabo ya isa. Ka goge bayan mariƙin ma, domin baƙin fentin da ake gasa masa ba ya wuce wuta ko kaɗan. Motar da ta sha hannun mai gyaran bodi sai an ƙara lura: wani wurin da kake zaton ƙarfe ne, cikon bodi ne mai kaurin yatsa. Manna maganaɗisu ka ji; inda bai kama da ƙarfi ba, canja wuri.

Sa washa mai haƙora tsakanin mariƙi da bodi don haƙoran su ciji ƙarfen, ka ɗaure tam. Bayan an ɗaure ne ake shafa giris ko fenti a kewaye don hana tsatsa, ba kafin ba. Garin ƙarfen da huji ya zubar ka kwashe shi nan take da maganaɗisu. In ka bar shi, ruwan farko na damina zai mayar da shi ɗigo-ɗigon tsatsa a kan fenti.

Mai son huda tsakiyar rufi zai yi amfani da gindi irin NMO, mai ramin milimita 19. Sassauta silin ɗin ciki tukuna ka ga inda ƙarfunan ƙarfafa rufi suka bi, ka kauce musu. Wannan gindi ta ƙasa yake cizon ƙarfe, saboda haka ta ciki ake gogewa, a bar fentin sama lafiya don zoben roba ya zauna ya hana ruwa.

Washar roba

Ƙaramin abu ne da bai kai girman maɓallin riga biyu ba, amma ya ƙona rediyo ba adadi. Ramin mariƙi rabin inci ne, milimita 12.7, ƙusar eriya kuma ta fi shi siranta. Washar robar tana da ɗan leɓe da ke shiga cikin ramin ya riƙe ƙusar a tsakiya don kada ta taɓa mariƙi. Jerin daga ƙasa zuwa sama shi ne: gindin da waya ke shiga, wanda jikinsa ke manne da ƙasan mariƙi ƙarfe da ƙarfe, sai mariƙi, sai washar roba a sama, leɓenta yana kallon ƙasa cikin rami, sai washar ƙarfe shimfiɗaɗɗiya, sai washa mai tsaga, sai dogon noti da eriya ke ɗaurewa a ciki. Irin gindin da ake haɗa wa waya da kunne biyu yana da washar roba biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kunnen saƙa kuma a jikin mariƙi ake ɗaure shi.

Idan aka manta washar, ko aka kifa ta, ko aka sa ta a ƙasa maimakon sama, sandar eriya ta haɗu da bodi ke nan, duk ƙarfin da rediyo ta fitar zai koma mata. Idan kuma aka matse noti fiye da kima, robar za ta fashe, matsalar ta ɓullo bayan mako biyu a kan gargada. Ɗaure da sifana biyu, ɗaya riƙe da ƙasa, har washa mai tsaga ta kwanta, ka ƙara kaɗan, ka tsaya.

Haɗa sassan mota su zama ƙarfe ɗaya

Ido yana ganin mota a matsayin abu guda, sigina ba haka yake ganin ta ba. Kan mota yana zaune a kan robobi. Bayan a-kori-kura daban yake da kai. Bonet da ƙofa suna rataye a kan hinjin da ya sha giris da ƙura. Hannun madubin manyan motoci sau da yawa yana cikin bushin roba, ko an lulluɓe shi da roba gaba ɗaya. Kariyar kaya ta rufi tana tsaye a kan ƙafafun roba. Duk wanda ya ɗaura eriya a ɗaya daga cikin waɗannan bai sa saƙaƙƙiyar waya ba, ya ba eriyarsa guntun ƙarfe ne a maimakon mota sukutum.

Ƙa'idar ita ce gajere da faɗi. Sigina mai irin wannan sauri a fatar waya yake gudu, ba a cikinta ba, shi ya sa faffaɗar saƙa ta fi zagayayyar waya ko da mai kauri ce. Tsawonta kada ya wuce santimita 30 in zai yiwu, 60 shi ne iyaka. Kada ka ja waya daga mariƙi har zuwa batir kana ganin ka yi at mai kyau. Wayar da ta kai mita 2.7 ita kanta ta zama rubu'in zango, kuma a wajen sigina kamar a yanke take, ko da maltimita tana ƙara.

A Hilux da makamantanta, sa ɗaya daga mariƙi zuwa bodi mafi kusa, ɗaya daga bayan mota zuwa kai, ɗaya daga kai zuwa shasi, biyu kuma a ƙetaren hinjin bonet, hagu da dama. A tirela mai eriya a madubi, ɗaya daga mariƙi zuwa ƙarfen ƙofa, ɗaya daga ƙofa zuwa ginshiƙin kai ta wajen hinji, ɗaya daga kai zuwa shasi. Ta ƙarshen ka sa ta kusa da inda kai ke juyawa idan an kifa shi don gyaran inji, ka bar mata rara, in ba haka ba ranar farko da makanike ya ɗaga kai za ta tsinke. Kowane bakin saƙa a matse masa kunne, a goge fenti, a sa washa mai haƙora, a shafa giris daga baya.

Jan waya zuwa cikin mota

Kowaks ba ta son abu uku: matsi, zafi da lanƙwasa mai kaifi. Tazarar da ke tsakanin wayar tsakiya da saƙa ita ke ba ta om 50, da zarar ƙofa ta daddanne ta tazarar ta lalace. Bi da ita ta ramin roba da wayoyin mota ke shiga daga ɗakin inji. Nisanta ta da salansa, da wayoyin filogi, da altaneta. Inda za ta ratsa ramin ƙarfe sa mata robar rami, kada kaifi ya yanka ta sannu a hankali. Kafin ta shiga mota bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa, ruwan sama ya ɗiga a nan maimakon ya bi ta zuwa ciki.

Ragowar waya kada ka naɗe ta ƙaramin zobe kamar igiyar guga. Shimfiɗa ta kai da komowa, tsawon kamar santimita 30 zuwa 40, ka ɗaure tsakiya sako-sako, ka tura ƙarƙashin kujera. Ana yawan cewa dole sai ƙafa 18 cif. Idan at ɗinka ya yi kyau, tsawon waya ba ya canja komai a eriya guda. In ka ga awo yana sauyawa saboda an ƙara ko an rage waya, alama ce cewa wayar ta shiga aikin da bodi ya kamata ya yi.

Idan za ka haɗa kan PL-259 da kanka, RG-58 tana buƙatar ƙaramin zobe UG-175, RG-8X kuma UG-176. Silin saƙa ɗaya tak da ya kauce ya taɓa tsakiya ya isa ya kashe aikin. Yi liƙin dalma da sauri da ƙarfe mai zafi sosai, domin jinkiri yana narkar da robar ciki. Haɗin da ke waje a naɗe shi da salatif mai kyau daga ƙasa zuwa sama.

Masu tirela suna sha'awar eriya biyu, ɗaya a kowane madubi. Wannan tsari yana buƙatar wayarsa ta musamman mai om 75 da aka auna, da tazarar da ta kusa mita 2.7 tsakanin eriyoyin. A ƙaramar mota ba ya ƙara komai sai wahala. Guda ɗaya da aka ɗaura daidai ta wadatar.

Wutar rediyo

Ja jar waya kai tsaye daga batir, da fiyus mai amfiya 3 daf da kan batir, ba can kusa da rediyo kaɗai ba. Baƙar waya ta tafi wurin da at ɗin batir ya haɗu da bodi. Ramin kunna sigari yana aiki, amma yana kwaso ƙarar duk na'urorin mota. Rediyon volt 12 zuwa 13.8 take ci, alhali manyan motoci irin su DAF da MAN da Howo volt 24 suke. Kada a ɗauki wuta daga batir ɗaya cikin biyun; ɗayan zai riƙa cika fiye da kima, ɗayan yana ramewa, ka rasa su duka. Sayi na'urar rage wuta daga 24 zuwa 12. Ranar da za a yi walda a jikin mota kuma, cire wayoyin rediyo duka.

Gwaji da maltimita

Kada ka danna makirfo tukuna. Cire waya daga bayan rediyo, ka kwance sandar eriya, ka sa maltimita a kan om. Tsakanin tsinken tsakiya na PL-259 da jikinsa na waje, kada a samu haɗi ko kaɗan. Tsakanin tsinken da dogon notin da ke kan mariƙi, a samu haɗi. Tsakanin jikin PL-259 da mariƙi, da bodi, da nagetif na batir, awo ya kasance ƙasa da om 1. Dalilin kwance sandar shi ne wasu eriyoyi masu koyil a gindi an ƙera su da haɗi tsakanin tsakiya da bodi, maltimita za ta yi ƙara ka zaci matsala ce alhali lafiya. Yayin gwajin ka sa yaro ya girgiza mariƙin da wayar. Haɗin da ke zuwa yana ɗaukewa a nan yake tona kansa.

Saita tsawo da na'urar SWR

SWR awo ne na yawan ƙarfin da eriya ta ƙi karɓa ya dawo wa rediyo. A kan 1.5 kashi 4 cikin 100 ne ke dawowa, a kan 2 kashi 11, a kan 3 kashi 25, kuma wannan zafi a kan taransistocin fitarwa yake sauka. Ƙasa da 1.5 shi ake nema. Har zuwa 2 ana iya aiki. Daga 3 zuwa sama, saki makirfo.

Fitar da mota fili, nesa da gini, bishiya, turken wuta da wasu motoci da aƙalla mita 10. Filin ƙwallo ko filin idi ya yi. Cikin gareji mai rumfar kwano ba zai ba ka gaskiya ba. Rufe ƙofofi da bonet, ka zauna a ciki, kowa ya matsa daga eriya. Haɗa gajeriyar waya daga rediyo zuwa ramin da aka rubuta TX, wayar eriya kuma zuwa ANT. Sa rediyo a AM, tasha ta 1. Tura maɓalli zuwa FWD, danna makirfo ba tare da magana ba, juya CAL har allura ta tsaya a kan SET, mayar da maɓalli REF, karanta, saki. Rubuta. Maimaita a tasha ta 40, sannan ta 20, kana sake saita CAL kowane karo.

Idan awon tasha ta 40 ya fi na ta 1, eriya ta yi tsawo, a rage. Idan na ta 1 ya fi, ta yi gajarta, a ƙara. Misali ka samu 1.3 a ta 1 da 2.4 a ta 40: sassauta ƙaramar ƙusar da ke riƙe bulala, tura ta ciki milimita 3 zuwa 5, ɗaure, koma cikin mota, rufe ƙofa, sake awo. Ta faiba tana da ƙusar saiti a ƙoli ƙarƙashin hular roba, kuma dole a mayar da hular kafin kowane awo, domin ita ma tana canja sakamako. Ci gaba har ta 1 da ta 40 su yi kusan daidai, ta 20 kuma ta fi su ƙasa. Yanka bulala shi ne mataki na ƙarshe, bayan ta kai ƙasan ramin ba ta isa ba: milimita 5 a lokaci guda, daga gindi, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Allura tana faɗin ciwon in ka iya karatunta. Idan ta tafi ja a dukkan tashoshi, waya ta haɗe ko ta yanke. Koma kan washar roba da kawunan waya. Idan ta tsaya tsakanin 2 da 3 ko'ina, rage tsawo da ƙara shi ba su motsa ta sosai, shimfiɗar ƙarfe ce ba ta isa ba, ko koyil ya yi kusa da bodi. Idan tana rawa in ka taɓa waya ko ka kama jikin rediyo, at na sigina ya yi rauni. Akwai kuma mai ruɗi: awo ya kwanta kusan 1 daga farko har ƙarshe amma ba wanda ke jin ka. Sau da yawa ruwa ne ya shiga waya, tana shanye ƙarfin tun kafin ya dawo a auna shi. Fere bakinta, in saƙar ta yi baƙi ko kore, canja ta gaba ɗaya.

Ƙara, da abin da za ka sa rai

Kunna inji ka saurara. Kukan da ke tashi da sauka tare da totur na altaneta ne. Ƙas-ƙas mai saurin bin inji na filogi ne. Cire wayar eriya daga bayan rediyo: in ƙarar ta ci gaba, ta wayar wuta take shigowa, sai a gyara hanyarta ko a sa matatar ƙara, in ta ɗauke, eriya ce ke kwaso ta, sai a ƙara saƙa a bonet, inji da salansa. Cajar waya mai araha da fitilun LED na ƙari suna cikin manyan masu wannan ɓarna, ka zare su ɗaya bayan ɗaya ka ji wanne ne. A lokacin hunturu busasshiyar iska da ƙura suna tara wa bulala caji ta riƙa tartsatsi a kunne. Ɗan ƙwallon da ke ƙolinta yana rage wannan, kada a cire shi.

A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, mota da mota, eriya mai ƙafa 4 da aka saita daidai takan kai kilomita 5 zuwa 10, wani lokaci fiye. Tsakanin duwatsun Kaltungo da Tula zai ragu sosai, domin dutse yana tare sigina, da ka hau tudu kuma sai ya buɗe. Wata rana da rana tsaka za ka ji muryoyin Turai sun cika tasha alhali abokin tafiyarka na bayan tsauni ba ya jin ka. Sararin sama ne ke dawo da siginar nesa, ba eriyarka ce ta lalace ba.

Kada a aika magana a gidan mai ko kusa da tankar da ake juye wa mai, kuma kada kowa ya riƙe eriya ana danna makirfo. Bayan makon farko a kan hanya sake bin kowane noti da sifana, gargada tana sassauta su. Mai gindin maganaɗisu ya riƙa ɗaga shi duk mako yana share ƙurar da ta taru a ƙasa, in ba haka ba za ta ci fenti ta bar zobe. A ƙarshen damina kwance bakin kowace saƙa, goge tsatsa, sabunta giris, ka sake awon tasha ta 1 da ta 40 ka gwada da lambobin da ka rubuta ranar farko.